A Duba Rajista Kafin A Duba Sakamako

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar 'yan aji shida ya fito, akan ji ana cewa makarantar firamare kaza ta yi zarra, makaranta kaza kuwa ta yi baya. Daga nan sai a yaba wa wannan hedimasta, a tsangwami wancan. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, irin wannan hukunci ba ya tsayawa da ƙafafunsa, muddin ba a fara buɗe rajista an ga su wane ne ke cikin ajin ba, daga ina suka zo, kuma kwana nawa suka zauna.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantar gwamnati ta zama ta ɗan talaka. Shirin ilmin bai ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun ƙara da cewa shekaru 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne. Amma fa doka ba ta san damina ba. Wannan yanki ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga, kuma ɗan manomi hannu ne a gona. Lokacin shuka da noma da girbi benci yakan yi sauƙi, ranar kasuwa ma haka. Sunan yaro yana nan daram a rajista, shi kuwa yana bayan gari da fartanya.

Sai kuma 'yan mata. Mai karatu da ya taɓa leƙa makarantar ƙauye ya san cewa a aji ɗaya suna da yawa, amma kafin a kai aji shida talla da aikin gida da shirin aure sun tsince su ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'ya'yan Fulani makiyaya, waɗanda wasunsu da Fillanci suka tashi, Hausa harshe na biyu ce gare su, Turanci na uku. Domin irinsu aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989. Akwai kuma almajiran makarantun allo, waɗanda galibinsu sunansu bai taɓa shiga rajistar boko ba, saboda haka ba su cikin masu ci, ba su cikin masu faɗuwa.

A kan waɗannan tsofaffin matsaloli ne rashin tsaro ya sauka. Ƙananan hukumomin uku suna jikin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, ba a sako su ba sai ranar 17 ga watan. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Makarantar sakandare aka shiga, amma tsoron bai bar firamare ba, domin uwar da ta ga abin da ya sami wa, da wuya ta saki ƙane. Ƙauyuka sun watse, mutanensu sun kwararo cikin garuruwa, wasu ma a azuzuwan makarantu aka fara sauke su.

To, a nan ne lissafi yake yaudarar mai shi. A ɗauki misalin makarantu biyu. Ta farko tana bakin daji. Talakawan da ba su da ƙarfin zama sun yi hijira, 'yan mata sun daina zuwa, sai 'yan ƙalilan suka rage, akasari 'ya'yan masu ɗan hali da 'ya'yan malamai. Waɗannan suka zauna jarrabawa, mafi yawansu suka ci, sai takarda ta nuna makaranta ta ci gaba, alhali kuwa mutuwa take yi. Ta biyu tana cikin gari. Ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan 'yan gudun hijira, waɗanda wasunsu sun yi shekara ɗaya ko biyu rabonsu da alli, ga yunwa, ga firgita. Ajin da tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35, ya cika ya batse har tagogi. Sakamakonta ya faɗi, aka kira hedimasta aka yi masa faɗa. Ashe ke nan an bar jaki ana dukan taiki, an hukunta wadda ta yi aikin alheri.

Wani zai ce ai wannan hanzari ne, kuma malalacin malami zai fake da shi. Gaskiya ne akwai malaman da ba a ganinsu sai ƙarshen wata. Amma rajistar da aka cika da gaskiya ita ce ma take tona asirin irinsu, domin idan yara sun zo kullum, aji bai cika ba, kuma duk da haka ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, to babu sauran wurin ɓuya.

Saboda haka ya kamata Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilmi su nemi abu uku daga kowace makaranta. Na farko, a riƙa kawo sakamako tare da adadin waɗanda suka shiga aji ɗaya da waɗanda suka kai aji shida, maza daban, mata daban. Na biyu, a rubuta garin da kowane sabon ɗalibi ya baro, da tsawon lokacin da ya yi ba ya karatu, a ware masa darasin cike giɓi. Na uku, a gwada kowane ɗan aji uku da karanta gajeren labari cikin Hausa, domin yaron da bai karanta harshen da yake ji ba, Turancinsa hadda ce kawai.

Wannan na ukun kuwa aiki ne na Sashen Hausa. Maimakon kundayen digiri su yi ta zagaya batutuwan da aka riga aka tatse, ɗalibai 'yan asalin yankin za su iya tsara gwajin karatu da ƙananan littattafai, malamansu su duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya ɓace daga rajista a aji uku, babu jami'ar da za ta sake ganinsa. Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa, amin.