Waiwaye: Rawani a fada, kujera a Yawunde

Ran Juma'a, idan Lamidon Garwa ya fito masallaci, algaita na tashi, dogarai na buɗe hanya, dattawa na durƙusawa suna kai gaisuwa. Wannan girma an gaje shi ne, tun kafin Jamus da Faransa su taka bakin kogin Binuwai. Abin da ya kamata mu waiwaya a kai shi ne yadda ya shiga siyasa, da abin da talaka ya samu ko ya rasa.

Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, haifaffen Garwa a 1924, ba ɗan gidan Lamido ba ne. Ma'aikacin gidan waya ne da ya shiga majalisa a 1947. Da ya zama firaminista a 1958, a nan Garwa ya kafa jam'iyyarsa a wannan shekarar, kuma ya san sarai ƙuri'ar arewa na hannun lamidai. Ya jawo su jiki, suka kawo masa jama'a. Da ƙafarsa ta kafu, sai aka koma jam'iyya ɗaya a 1966. A watan Yuli na 1977 kuma aka fitar da dokar da ta kasa sarauta mataki uku, ta mai da sarakuna mataimakan hukuma. Tun daga nan, ko masu zaɓen sarki sun gama shawara, sai gwamnati ta sa hannu, kuma tana da ikon tuɓewa. A 2013 aka yanka musu albashin wata: sefa 200,000 ga mataki na farko, 100,000 ga na biyu, 50,000 ga na uku.

Gidan Hayatu, gidan sarautar Garwa, shi ne babban misali, kuma gida ne da Garwa ke alfahari da shi. Sadu Hayatu ya yi firaminista daga 1991 zuwa 1992, lokacin da 'yan adawa suka rufe kasuwanni da tituna, shi ne kuma ya jagoranci zaman sulhu na ɓangarori uku a ƙarshen 1991. Isa Hayatu ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017. Alim Hayatu kuwa ya shiga gwamnati a 1996 a matsayin ƙaramin ministan lafiya, aka naɗa shi Lamido a 2000, ya haɗa biyun har Allah Ya yi masa rasuwa a Afrilun 2021. Allah Ya jiƙansu. A Rai Buba ma, Lamido Abubakari Abdullahi ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa lokacin da aka kafa ta a 2013.

Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa gara namu na ciki, ya yi mana magana inda ake rabo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban raina ta ba. Amma a duba ta daga ƙasa. Manomin auduga da shanu suka shiga gonarsa daf da tsinka, zai fara zuwa wurin jauro, daga nan lawan, in abin ya gagara sai fada. Zai cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a kan yashi, ya jira a kira shi. Abin da ya kawo shi shi ne yardar da ya yi cewa mai rawanin nan uban kowa ne. To idan mai shanun jigo ne a jam'iyyar da sarki ke yi wa yaƙin neman zaɓe, da wace zuciya zai shiga? Ko da an yi masa adalci, zargi ya riga ya shiga tsakani. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ingila ta sha wannan rikici a ƙarni na 17, inda 'ya'yan manyan gidaje suka cika majalisa. Algernon Sidney ɗan babban basarake ne, amma ya bi bayan majalisa a yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642, aka fille masa kai a 1683. A 1689 aka rubuta dokar da ta hana sarki ɗora haraji ba da yardar majalisa ba. Sun zubar da jini kafin su raba wa kowa iyakarsa.

Kusa da mu akwai misali mai sauƙi. Ado Bayero ya ci zaɓen majalisar dokokin Arewa a 1954 yana ɗan sarki, ya ajiye kujerar a 1957 ya zama Wakilin Doka. Da sarautar Kano ta faɗo masa a 1963, sai ya bar aikin jakada a Senegal ya dawo fada, ya zauna shekara 50 da ɗoriya.

Ba na ƙin ɗan sarki ya tsaya takara. Ɗan ƙasa ne, ya fito ya nemi ƙuri'a a kasuwar Jambutu kamar kowa, ya ji ƙorafin mata masu sayar da kifi da na 'yan acaɓa. Amma ranar da aka naɗa masa rawani, sai ya ajiye katin jam'iyya. Kira nake ga masu zaɓen sarki a Garwa da Marwa da Ngaundere: ku sa wannan sharaɗi tun kafin ku miƙa suna ga hukuma.