Yaƙin Amurka da dila: Shekara 100 ana ɗana tarko, dabbar na ƙara yaɗuwa

A kowace shekara Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka kan fitar da ƙididdigar namun dajin da jami'anta suka kashe da sunan kare dukiyar manoma da makiyaya. A cikin dabbobi masu cin nama, wanda ke kan gaba a jerin kullum shi ne koyote, ɗan'uwan dila da kyarkeci da ba a samun sa sai a nahiyar Amurka. A 'yan shekarun nan adadin kan kama daga 55,000 zuwa kusan 70,000 a shekara, ban da waɗanda maharba da masu sana'ar ɗana tarko ke kashewa, da ake kiyasin sun kai dubu ɗaruruwa. Da zarar rahoton ya fito sai cacar baki ta kaure. Ƙungiyoyin kare namun daji su ce ana ɓarnar rayuka da kuɗin haraji, ƙungiyoyin masu kiwo su ce in aka janye hannu kiwon tumaki ya mutu murus.

Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kansa shi ne, bayan fiye da shekara 100 ana wannan yaƙi, dilan Amurka ya fi kowane lokaci yaɗuwa. A da mazauninsa bai wuce filayen ciyawa da hamadar tsakiya da yammacin nahiyar ba. A yau yana cikin jihohi 49 daga cikin 50 na ƙasar, ya shiga manyan birane irin su Shikago da Los Angeles, ya kuma gangara kudu har ya tsallaka mashigin ruwan Panama. Dalilin hakan na da alaƙa da ma'aunin da aka daɗe ana auna nasarar aikin da shi. An shafe shekaru ana ƙirga gawar dila, alhali abin da ya dami makiyayi shi ne yawan 'ya'yan tumakin da suka tsira har suka isa kasuwa.

Yadda yaƙin ya faro

A 1915 ne Majalisar Dokokin Amurka ta fara ware dala 125,000 domin gwamnati ta ɗauki maharba da masu tarko su kawar da dabbobin da ke cin dabbobin kiwo a jihohin yamma. A 1931 aka kafa dokar da ta mayar da aikin wani nauyi na dindindin a wuyan gwamnatin tarayya, kuma har yau ita ce ginshiƙin hukumar da tun 1997 ake kira Wildlife Services. Wanda aka fara cin galaba a kansa shi ne kyarkeci. Kafin tsakiyar ƙarnin da ya wuce an shafe shi daga kusan dukkan jihohin ƙasar, har a gandun dajin Yellowstone, inda aka kashe na ƙarshe a 1926.

Da aka juya kan dila sai aka koma ga guba. An riƙa barbaɗa ta a mushen dawakai da tumaki ana yasarwa a daji, musamman wadda ake kira Compound 1080. Guba kuwa ba ta tantance mai laifi, sai ta haɗa da gaggafa da yanyawa da karnukan gida. Ƙorafi ya yi yawa, har a 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana amfani da guba wajen kashe irin waɗannan dabbobi a filayen gwamnatin tarayya. Shekara goma bayan haka, a 1982, Shugaba Ronald Reagan ya soke umarnin. Tun daga nan batun ya zama abin da ke sauyawa da sauyin gwamnati.

Cikin manyan hanyoyin da aka daɗe ana amfani da su akwai guda huɗu: tarkon ƙarfe mai cafke ƙafa, zargen waya da ake ɗanawa a kafar shinge inda dabbar ke ratsawa, harbi daga ƙananan jirage da masu saukar ungulu, sai kuma wata na'ura mai suna M-44. Ita wannan ƙaramin bututu ne da ake kafawa a ƙasa a shafa masa abu mai wari, idan dabba ta ja shi da baki sai ya fesa mata gubar sayanid.

Me ya sa ba ya ƙarewa?

Sirrin yana cikin tsarin rayuwar dabbar. Dilan Amurka na zama ne iyali-iyali, namiji da mace guda su mallaki yanki su kare shi daga baƙi, kuma galibi su kaɗai ke haihuwa, 'ya'ya biyar zuwa bakwai sau ɗaya a shekara. Bayan su akwai tarin matasa marasa yanki da ke gararamba suna jiran gurbi. Idan aka kashe masu yanki, ba a jimawa wasu sun maye. Idan kuma aka rage yawansu sosai, abinci kan wadata ga waɗanda suka saura, ƙananan mata su fara haihuwa da wuri, 'ya'yan da ke rayuwa su ƙaru. Wani lissafi da masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Connolly da Longhurst, suka yi a 1975 ya nuna cewa sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 na dilolin kowace shekara har tsawon kimanin shekara 50 kafin a ga bayansu, kuma in aka tsaya kafin nan, cikin 'yan shekaru za su dawo yadda suke.

Ƙari a kan haka, gwamnati da kanta ta share wa dila fage. Kyarkeci ne babban abokin gabarsa, yana korar sa yana kashe shi. Da aka kawar da kyarkeci, aka kuma sare dazuzzukan gabas aka mayar da su gonaki, sai hanya ta buɗe. An ga hujjar hakan a Yellowstone bayan an maido da kyarketai a 1995, inda cikin 'yan shekaru yawan diloli a arewacin gandun ya ragu da kusan rabi ba tare da tarko ko harsashi ba.

Kukan makiyayi

Duk da haka, rashin adalci ne a ɗauka cewa masu kiwo kuka suke yi ba dalili. Binciken jin ta bakin makiyaya da Ma'aikatar Aikin Gona ke yi lokaci-lokaci ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan tumakin da ake asara dabbobin daji ne ke kashe su, kuma dila ne ke da kaso mafi tsoka. Asarar kuma ba ta raba daidai. Wani makiyayin zai shekara bai rasa ko ɗaya ba, maƙwabcinsa ya rasa ribar shekara a cikin mako biyu na lokacin haihuwa. A wajen shanu lamarin ya fi sauƙi, domin cututtuka da matsalar haihuwa da tsananin yanayi sun fi namun daji kashe maruƙa nesa ba kusa ba.

Tambayar ita ce wane dila ne ke yin ɓarnar. A cibiyar binciken kiwo ta Hopland da ke arewacin Kalifoniya, masana sun shafe shekarun 1990 suna bin diloli da na'urar da suka rataya musu a wuya. Sun gano cewa mafi yawan tumakin da ake kashewa aikin ma'auratan da ke riƙe da yanki ne, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya. Sun kuma gano cewa yawan dilolin da aka kashe a shekara ba ya nuna ko asarar tumaki za ta ragu. Abin da ke tsayar da ɓarna na ɗan lokaci shi ne kama ainihin mai laifin. Nan kuwa gizo ke saƙar, domin tarkon da aka ɗana barkatai ya fi kama matasa marasa wayo, tsohon da ya san warin ƙarfe da na ɗan Adam ya kewaye ya wuce. Ba banza Bahaushe ya kira dila sarkin wayo ba.

Masu goyon bayan kisa su ma suna da hujjarsu. Wani bincike na 1999 a wuraren kiwo na tsaunukan Utah da Idaho ya nuna cewa harbi daga sama 'yan watanni kafin a kai tumaki ya rage asarar 'ya'yansu a wannan kakar. Wato kisan da aka yi a daidai wuri da daidai lokaci yana da amfani na ɗan zango. Abin da ba a taɓa tabbatarwa ba shi ne cewa rage yawan diloli a faɗin ƙasa yana ceto sana'ar. A 1942 Amurka na da tumaki kusan miliyan 56, yau ba su wuce kimanin miliyan 5 ba. Masaniya Kim Berger ta bi diddigin alƙaluman shekaru da dama, ta wallafa a 2006 cewa tsadar abincin dabbobi da albashin ma'aikata da farashin nama su ne suka fi bayyana wannan koma-baya, kuma kuɗin da gwamnati ta zuba a kisan dila bai hana shi ba. Zaren roba ya karya kasuwar ulu, naman Ostireliya da New Zealand ya cika kantuna. Babu tarkon da zai kama waɗannan.

Inda kuɗi ke shiga

Ɗana tarko sana'a ce, kuma kasuwa ke juya ta. A shekarun da rigunan sanyi masu gashin dila a bakin hula suka yi tashe, musamman na kamfanin Canada Goose, fata mai kyau daga yankunan sanyi ta kai kusan dala 100 a wajen gwanjo, masu tarko suka bazama daji. A 2021 kamfanin ya sanar da cewa zai daina sayen fata, zai kuma daina ɗinki da ita kafin ƙarshen 2022. Farashi ya faɗi, da yawa suka rataye tarkunansu. Ke nan yawan dilan da 'yan kasuwa ke kamawa yana bin abin da masu ado ke so ne a Toronto da Beijing, ba ruwansa da inda tumaki ke mutuwa.

Haka batun tukuici yake. A 2012 Jihar Utah ta fara biyan dala 50 a kan kowane dila da aka kawo shaidar kashe shi, da nufin kare barewar daji. Tsari irin wannan na da farin jini wajen 'yan siyasa, saboda yana da sauƙin bayani kuma kuɗi na shiga aljihun masu zaɓe. Matsalarsa ita ce yana biyan mutum ne a kan gawa, ko daga ina ta fito, ko da kuwa dilan da dama za a harbe shi ne kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Siyasar birni da ƙauye

A watan Maris na 2017, a wajen garin Pocatello na Jihar Idaho, wani yaro ɗan shekara 14 ya taɓa na'urar M-44 da jami'an gwamnati suka kafa kusa da gidansu. Gubar ta jikkata shi, ta kashe karensa a gabansa. Lamarin ya girgiza ƙasar. Jihar Oregon ta haramta na'urar a 2019, sannan a 2023 hukumar da ke kula da mafi girman filayen gwamnatin tarayya ta hana kafa ta a ƙasar da ke hannunta. Tun kafin nan, masu zaɓe a Arizona da Colorado da Massachusetts da Kalifoniya da Washington sun kaɗa ƙuri'ar raba-gardama tsakanin 1994 da 2000 suka taƙaita amfani da tarkon ƙarfe. Tarayyar Turai kuwa ta yi dokar haramta shi tun 1991.

Kusan a ko'ina ƙuri'un birane ne suka rinjayi na karkara, shi ya sa makiyaya ke kallon waɗannan dokoki a matsayin hukuncin wanda bai taɓa tashi da asuba ya tarar da gawar ɗan tunkiya ba. Wannan ɗaci ne ya sa muhawarar ta daina zama ta me ke aiki, ta koma ta wa ke da iko da ƙasa.

Rigakafi ya fi magani

A tsakiyar wannan hayaniya, makiyaya da yawa sun koma ga tsofaffin dabaru. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara shigo da manyan karnukan gadi daga Turkiyya da Faransa da Italiya, waɗanda ake renon su cikin garke tun suna ƙanana. A Texas jaki ne ke gadin awaki da tumaki, domin ba ya shiri da duk wani dangin kare. Wasu na amfani da lama, dabbar Kudancin Amurka mai dangantaka da raƙumi. Akwai shingen lantarki, da killace garke da dare, da kwashe mushe don kada wari ya jawo baƙi. Manyan masu tumaki na yamma kuma har daga Peru suke ɗauko makiyaya su kwana da garke a daji, abin da Bafulatani bai taɓa bari ba. A 2000 Ƙaramar Hukumar Marin da ke Kalifoniya ta yanke hulɗa da masu tarkon gwamnatin tarayya, ta karkatar da kuɗin wajen tallafa wa makiyaya su sayi karnuka da shinge, kuma tun 2020 Majalisar Dokoki ke ware wa Wildlife Services kuɗi na musamman domin irin waɗannan hanyoyi. Su ma ba kyauta ba ne. Kare na cin abinci, shinge na da tsada, kuma abin da ya yi aiki a ƙaramar gona ba lallai ya yi a dajin da ido ba ya ganin iyakarsa ba. Fa'idarsu ita ce sakamakonsu a cikin garke ake ganin sa.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Duk damina jiragen feshi kan tashi a Kebbi da Jigawa da Yobe da Borno domin yaƙi da tsuntsayen jan-baki, kuma masana sun daɗe da gano cewa kashe miliyoyinsu ba ya rage yawansu a shekara mai zuwa. Feshin da ke da amfani shi ne wanda aka yi wa garken da ke dab da gonar da ta fara nuna. Idan jami'ai suka zo da rahoton sa'o'in da jirgi ya yi a sama da litar maganin da aka zuba, haƙƙin 'yan majalisa da masu binciken kuɗi ne su tambayi buhu nawa na shinkafa da gero suka tsira, kuma a gonar wa. Amurka ta yi shekara 100 tana biyan kuɗin gawa kafin ta fara yin wannan tambaya da gaske. Ƙasar da kasafinta bai kai ko kusa da nata ba, ba ta da halin jiran haka.