Motsa jiki a kudancin Kano: a gida ko a wurin kuɗi?

Muhawarar da ake yi a manyan birane kan ko ya fi kyau mutum ya motsa jiki a gidansa, ko kuwa ya biya kuɗi ya riƙa zuwa wuraren motsa jiki na zamani da ake kira jim, ta fara isa garuruwan kudancin jihar Kano, musamman ta hanyar wayar salula.

To sai dai a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa tambayar ta sha bamban da yadda ake yin ta a unguwannin masu hali na birnin Kano, inda irin waɗannan wurare suka fi yawa.

Daga madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji zuwa birnin akwai kimanin kilomita 70. Daga Riruwai kuwa, hedkwatar Doguwa da ke bayan dajin Falgore, tafiyar ta fi haka nisa sosai. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, don haka babu mai hankalin da zai yi wannan tafiya don ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina.

Abin da ya sauya

Akasarin mutanen yankin manoma ne, kuma da yawansu za su yi dariya idan aka ce musu su motsa jiki. Wanda ya wuni yana huɗa ko yana yankan shinkafa a Tudun Wada bai ga dalilin da zai sa ya sake neman gumi da yamma ba.

A wani ɓangaren suna da gaskiya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2020 sun buƙaci baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu, kuma hukumar tana lissafa aikin gona da tafiyar ƙafa da aikin gida a ciki.

Amma rayuwar karkara ta yau ba ta da ba ce. Babur ya karɓi tafiyar da ake yi a ƙafa ko a keke zuwa kasuwa da gona. Injin niƙa da na casa sun rage daka da sussuka, maganin feshi ya rage noman hannu, famfon burtsatse kuma ya rage jan guga.

Babu wanda zai so a koma wahalar da aka baro, musamman mata da suka fi shan ta. Amma sauƙin ya haifar da wani rukuni da ke ƙaruwa: ma'aikatan sakatariya, da malaman makaranta, da direbobi, da dillalan hatsi da masu shaguna a wurare irin su Kwanar Ɗangora, waɗanda ke wuni a zaune alhali cimarsu ta tuwo da shinkafa da mai ba ta ragu ba, sai ma lemon kwalba da ya ƙaru.

Su ne suka fi fuskantar barazanar hawan jini da ciwon suga. Binciken masana ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na baligai a Najeriya na da hawan jini, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba.

Shi kansa manomin bai tsira gaba ɗaya ba. Aikinsa na damina ne da kaka, kuma in ba ya noman rani yakan shafe watanni yana zaman majalisa. Haka kuma wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bi diddigin mutane fiye da 100,000 a Denmark, ya gano cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya kare zuciya kamar yadda motsa jikin da mutum ya yi don kansa ke yi.

Mata da matasa

Ga matan aure, gida ne kusan kawai zaɓin da ke akwai. Al'ada ba ta yarda mace ta fita gudu a titi ba, balle ta shiga wurin da maza ke ɗaga ƙarfe. Tsakar gida ta wadatar wajen zagaye da tsalle da igiya, amma a babban gida mai kishiyoyi da surukai, kunya kaɗai ta isa ta hana.

A nan ne raunin motsa jiki a gida yake. Ba ya cin ko kwabo, amma babu mai tambayar mutum in ya daina. Abin da masu zuwa jim ke saye da kuɗinsu shi ne abokan yi da mai koyarwa da kuma jin ciwon kuɗin da suka biya, fiye da na'urorin kansu.

Matasan yankin sun daɗe da samo mafita ta uku. Filayen makarantun firamare na cika da 'yan ƙwallo bayan la'asar, wasu kuma na zuba siminti a gwangwanaye su haɗa da sandar ƙarfe su riƙa ɗagawa a ƙofar gida. Kafin wannan ma, kokawa da dambe bayan kaka, da langa a dandali, duk a bainar jama'a ake yin su.

Matsalar ita ce wannan tsari na samari ne. Da zarar mutum ya yi aure ya ajiye iyali, sai a ga bai dace a gan shi da gajeren wando a fili ba, wato yana dainawa ne daidai shekarun da hawan jini ke fara kama mutane.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Gyara fili, da killace wani sashe na mata, da ajiye na'urar awon jini a ƙananan asibitoci na cikin abubuwan da ƙaramar hukuma ke iya yi da kuɗi kaɗan, ko da yake a yankin da ake kukan hanyoyi da ruwan sha da tsaro a dajin Falgore, da wuya su zo a sahun gaba a kasafin kuɗi.