Wa Ya Biya Kuɗin Tikitin Kyauta?

Bara da ƙaramar Sallah ɗan yayata, wanda ke tuƙa tasi a birnin New York, ya zo Kano ganin mahaifiyarsa. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai ya zaro wani kati na ƙarfe, mai ɗan nauyi, ya ɗora mini a tafin hannu. "Kawu, wannan ne ya kawo ni gida," in ji shi. "Ban biya kuɗin jirgi ba, sai 'yan kuɗin haraji." Man mota, cefane, kuɗin waya, duk da katin yake biya. Kowace dala ya kashe, banki ya rubuta masa maki. Makin ya yi ta taruwa har shekara biyu, ya canza shi da kujera a jirgi. Samarin unguwa da ke wurin sai karɓar katin suke yi suna jujjuyawa, kowa na fatan Allah ya kai shi ƙasar da ake hawa jirgi kyauta.

Na yi murna da zuwan yaron ƙwarai, amma maganar ta tsaya mini a rai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu kamfanin da zai ɗauko mutum daga Amurka zuwa Afirka don Allah da Annabi. Wani ya biya kuɗin kujerar nan, kuma ina ganin ya wajaba mai hawa ya san ko wane ne.

Wannan kati daban yake da katin ATM da muka saba da shi. Namu kuɗinka ne kake cira. Shi kuwa katin bashi, banki ne ke biya maka, ƙarshen wata ya aiko maka da lissafi. In ka biya duka kafin wa'adi, shi ke nan. In ka bar saura, kuɗin ruwa ya hau kai, kuma a 'yan shekarun nan a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Maki kuma tun 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarinsa don riƙe fasinjoji, a 1987 bankin Citibank ya haɗa shi da katin bashi. Yau bankuna sarin makin suke yi daga kamfanonin jirage kamar yadda ɗan kasuwa ke sarin hatsi a Dawanau. A 2023 kaɗai kamfanin Delta ya karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga American Express. A 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, tsarin makin nan Delta ya jinginar ya karɓo bashin dala biliyan 9. Abin da ake jinginarwa a kan irin wannan kuɗi haja ce, kuma mai haja riba yake nema.

Daga aljihu biyu banki ke mayar da abin da ya kashe. Na farko aljihun mai shago. Duk sanda aka goga kati, ana yankar kamasho, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin. Mai shago ba zai ɗauki asarar ba, sai ya watsa ta cikin farashi. Tsohuwar da ta zo da tsabar kuɗi a hannu, wadda babu bankin da zai ba ta kati, farashi ɗaya take biya da mai katin ƙarfe, ita ba maki, shi da maki. Tarayyar Turai ta ƙayyade kamashon da bankin mai kati ke karɓa a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, shi ya sa garaɓasar kati a can ba ta taka kara ta karya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda makin ke fitowa.

Aljihu na biyu shi ya fi damuna: na wanda ya kasa biya. A 2023 bashin kati da ke kan Amurkawa ya zarce dala tiriliyan 1. A shekarar ne kuma wani bincike da aka wallafa ƙarƙashin babban bankin ƙasar ya ƙiyasta cewa katunan maki na kwashe kusan dala biliyan 15 duk shekara daga yankunan talakawa da masu ƙarancin ilimi zuwa yankunan masu hali da masu ilimi. Mu a kasuwa mun san gyara: mai tumatir ta ƙara maka biyu daga cikin kwandonta, da yardarta. Wannan gyaran daga kwandon maƙwabcinka aka ɗebo shi, wanda ciwo ko rashin aiki ya sa wata ya ƙare bai cika ba.

Da na faɗa wa ɗan yayata haka, ya ce, "Kawu, ni fa ban taɓa barin bashi ya kwana ba." Na yarda da shi, yaro ne mai tsari. Amma da bakinsa ya ba ni labarin abokin aikinsa, wani Bahaushen Kumasi. Banki ya yi masa tayin maki mai yawa in ya kashe dala dubu huɗu cikin wata uku. Don ya cika sharaɗin ya sayi talabijin da kujeru da wayar da bai buƙata. Ya samu makin, ya je gida ya dawo. Da sanyi ya shigo ciwon baya ya kwantar da shi sati shida. Tun daga nan mafi ƙarancin abin da aka yanka masa yake iya biya duk wata, uwar kuɗin tana nan, ruwa na hawa. Ya biya kuɗin tikitin nan ya fi sau biyu, har yanzu bai fita ba. Kujerar da ɗan yayata ya zauna a kai, da gumin irin wannan bawan Allah a cikinta.

Ga Musulmi kuma akwai maganar yarjejeniyar kanta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Na san wasu malamai sun yi wa mazauna Turai da Amurka sassauci, domin a can da wuya ka kama hayar gida ko ka yi hayar mota ba tare da tarihin biyan bashi ba. Ba na ɗora wa wanda larura ta tilasta laifi. Sai dai riƙe kati ɗaya don larura daban, buɗe katuna huɗu ana farautar maki don yawon buɗe ido daban, kuma zuciyar mutum ta san a wane ɓangare yake.

Goggona shekara goma sha ɗaya ta yi tana tara kuɗin Makka. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Duk Juma'a ta kai zubi wurin uwar adashi, in kwasarta ta zo ta sayi ɗan rago ta ɗaure a bayan ɗaki, ta yi ta ba shi dusa da harawa har Layya ta sayar, ta sayi biyu. Ina yaro ni ke kai mata zubin, a ƙulle cikin tsumma, tana ja mini kunne kada in tsaya wasa a hanya. Ranar da ta dawo daga Saudiyya babu wanda ke bin ta ko kwabo, kuma babu wanda aka tatsa don ta tafi.

Na san tari ma yana da nasa ciwon a Najeriyar yau. Kujerar Hajji da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Wanda ya zuba takardun naira a asusun ƙasa, kafin ya fasa kuɗin sun zagwanye. Shi ya sa dabarar goggo ta mayar da kuɗi dabba ta fi ƙarfin a raina ta. Malesiya ta ɗauki wannan matsala da muhimmanci tun 1963, lokacin da aka kafa asusun da ake kira Tabung Haji bisa shawarar masanin tattalin arziki Ungku Aziz, wanda ya ga manoma na ɓoye kuɗi a gida ko sayar da gona da dabbobi don tafiya Makka, su dawo hannu rabbana. Asusun na juya kuɗin maniyyata a kasuwancin halal, ya raba musu riba. Hukumar Alhazai ta Najeriya ta ƙaddamar da makamancinsa tare da bankin Jaiz a 2020. Ina so in ga an kai shi ƙauyuka, an bayyana wa masu zubi lissafinsu dalla-dalla, domin in hanyar tari ba ta yi ƙarfi ba, manhajojin bashi da suka cika wayoyin 'ya'yanmu suna nan suna jira, kuma tuni muna ganin masu cin bashi don a gan su a Umrar azumi.

Daren da zai koma, ɗan yayata ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce makin da ya rage masa zai kusa isa ya kai ta Umra baɗi. Ta ji duk muhawarar da muka yi ta yi da shi a tsakar gida. Ta yi shiru, sannan ta tambaye shi nawa zai iya warewa daga abin da yake samu a rana ba tare da ya takura ba. Ya ce dala goma. Ta ce ya buɗe wa dala goman nan asusu nata na kanta, ranar da ta cika ya kira ta, ita ba ta gaggawa. Watan jiya ya turo mata hoton lissafin ta waya, ta sa jikarta ta karanta mata adadin sau biyu.