Saloma: Mawaƙiyar da ke Ɗinka Kayanta da Hannunta

Yau za mu yi nisa, har ƙasar Maleshiya, mu ji labarin Salmah Ismail, wadda duniya ta sani da Saloma.

An haife ta a Singafo a 1935, lokacin mulkin Turawan Ingila. Tun tana yarinya ta fara waƙa, muryarta ta kai ta gidan rediyo, daga nan ta shiga fim. A 1961 ta auri P. Ramlee, babban ɗan wasa kuma mawaƙin Malayawa. Shi ne mijinta na uku, da shi kuma zama ya ɗore. A shekarar suka fito tare cikin fim ɗin Seniman Bujang Lapok, a 1968 kuma suka yi Ahmad Albab.

Abin da ya fi burge ni, Saloma tela ce. Ita ke tsara kayan da za ta sa a gaban jama'a, da yawa ita ke ɗinka su da kanta. Rigar matan can, da suke kira kebaya, ta yi mata sabon yanka, mata suka riƙa zuwa wurin teloli suna neman irin ta Saloma.

To amma duniya rawar ƴan mata ce. A 1964 suka koma Kuala Lumpur, kasuwar fim ɗin Malayawa ta yi sanyi, samari suka juya ga sabon kiɗa. Mijinta ya rasu a 1973 yana da shekara 44, bai bar dukiyar a zo a gani ba, duk da tarin fina-finai da waƙoƙin da ya yi. Kun ji fa: suna ya cika ƙasa, aljihu fayau.

Saloma ta ci gaba da waƙa cikin zawarci, aka ba ta laƙabin mawaƙiyar ƙasa. Ta rasu a 1983 tana da shekara 48, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar Jalan Ampang. A 2020 aka buɗe gadar masu tafiya da ƙafa kusa da maƙabartar, aka sa mata sunanta.

Ni dai nan na tsaya ina tunani: tafi da yabo ba su cika tukunya. Ranar da kasuwarki ke ci, ƴar uwa, ranar ce ta ajiye wani abu gefe. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.