Rabin Gaskiya Ma Shaidar Zur Ce

'Yan'uwa cikin Almasihu, har yau akwai masu yawo da labarin wani asibiti a ƙasar Biyetnam, suna cewa allurar rigakafi yaudara ce. Abin baƙin ciki, na ji shi har daga bakin dattawan ikkilisiya.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni na 2021, a asibitin cututtukan ƙasashe masu zafi na birnin Ho Chi Minh, ma'aikata 69 suka kamu da korona nau'in Delta, alhali an yi masu allurar AstraZeneca. Wannan gaskiya ne. Amma me ya sa ake ɓoye sauran labarin? Daga cikin 62 da likitoci suka bi lafiyarsu, mutum ɗaya kaɗai aka sa wa iskar taimakon numfashi, kuma dukansu sun warke.

Allura ba ta toshe hanci. Aikinta ta shirya jiki domin yaƙi, kada cutar ta kai mutum kabari. Shi ya sa ko mai allura yana bukatar takunkumi da ɗaki mai iska a lokacin annoba.

Dattijo, ka yi tunani. Uwar da ta ji ka yau, gobe za ta hana ɗanta allurar ƙyanda. Idan yaron ya mutu, me za ka faɗa wa Ubangiji? Wanda bai san ƙarshen labari ba, ya kame bakinsa a gaban jama'ar Allah.