Suna Linzami Ne, Ko a Intanet

'Yan uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a yau da wuya a sami ƙungiya ko ɗan kasuwa da ba ya burin buɗe shafinsa a intanet. Abu na farko da ake sha kansa kuwa shi ne sunan adireshin shafin, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu ke yin tuntuɓe.

Akwai masu ba da shawara cewa a cusa wa sunan duk kalmomin da jama'a ke nema, har ya zama kamar "sayarda-shadda-mai-araha-a-kano", wai don Google ya ɗora shafin a sahun gaba. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Gaskiya ne dabarar ta taɓa ci, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Satumba na 2012 kamfanin Google ya gyara tsarinsa musamman don rage darajar shafukan da ba su da abin kirki sai suna mai kama da abin da ake nema. Abin da ke ɗaga shafi a yanzu shi ne nagartar abin da ke cikinsa, da kuma yadda wasu amintattun shafuka ke nuni zuwa gare shi. Jumia da Konga ba su ambaci haja a sunayensu ba, amma wa bai san su ba?

Saboda haka sai mu raɗa suna domin ɗan Adam. Ya zama gajere, wanda idan an faɗe shi sau ɗaya a rediyo, mai sauraro zai rubuta shi ba tare da kuskure ba. Mu Hausawa muna da ƙarin abin lura: adireshi na yau da kullum ba ya ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya nufi "ƙura" sai ya tarar da "kura", mai son "baƙi" ya ƙare da "baki". Lalle ne a auna sunan bayan an cire masa lanƙwasa, kafin a biya ko kwabo.

Game da wutsiyar suna kuma, bai kamata mu raina .ng na Nijeriya, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ko .ne na Nijar ba. Irin wannan wutsiya tana shaida wa injin bincike ƙasar da ake nufi da shafin, alhali .com ba ya nuna ko'ina.

Daga ƙarshe muna jan kunnen ƙungiyoyinmu cewa suna haya ce da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya, kada a bar shi a hannun sakataren da zai gama karatu baɗi ya tafi da mabuɗi. Ranar da haya ta ƙare wani ya saye sunan, wahalar shekaru ta zama tasa. Kunne ya ji, jiki ya tsira.